Juyin Rana na Watan Yuni: Abin da Ke Sa Yini Ya Yi Tsawo, Ya Kuma Gajarta

Duk wanda ya saba tashi da sassafe, yana kuma da wata alama a gabas da idonsa ya saba da ita, bishiya ce ko tsauni ko kusurwar gini, ya san rana ba ta fitowa daga wuri guda. Mukan ce daga gabas take fitowa, amma gabas ɗin nan faɗi gare ta. A ƙarshen Disamba za ka ga ranar ta ɓullo ta gabas maso kudu. Daga nan sai ta riƙa matsowa arewa kaɗan-kaɗan, kullum da ɗan takunta, har wata shida. Idan aka shiga tsakiyar Yuni sai takun ya ragu, ya ragu, har ya zama kamar ta tsaya cak. Za ka yi kwanaki kana ganin tana fitowa ta bayan alama ɗaya. Sannan ta juya, ta kama hanyar komawa kudu.

Wannan tsayawa da juyawa ita ce maganarmu. Turawa suna kiranta da wata kalma da suka samo daga Latin, wadda ma'anarta ita ce rana ta tsaya. Larabawa kuwa juyawar suka duba, suka kira ta inƙilabi. Ni zan kira ta juyin rana. Sau biyu yake faruwa a shekara: na Yuni yakan faɗo a ranar 20 ko 21 ga wata, na Disamba kuma 21 ko 22. A juyin Yuni ne rabin duniya na arewa ke samun yininsa mafi tsawo da darensa mafi gajarta, shi ya sa ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa suke ɗaukarsa a matsayin mashigar lokacin zafinsu. Da yake kalmar rana a Hausa tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, bari mu daidaita tun yanzu: in na ce rana, wadda ke sama nake nufi, in na ce yini, daga fitowarta zuwa faɗuwarta ke nan, kwana kuma shi ne yini da dare a haɗe.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane idan aka tambayi dalilin zafi da sanyin shekara ita ce wai duniya takan matsa kusa da rana, sai a yi zafi, ta ja baya, sai a yi sanyi. Amsa ce mai kama hankali, domin kowa ya san wanda ya matsa kusa da wuta ya fi jin ɗumi. Sai dai lissafi ya ƙaryata ta. Gaskiya ne hanyar da duniya ke bi wajen zagaya rana ba da'ira ce cikakkiya ba, ta ɗan miƙe kamar ƙwai, amma a farkon Janairu ne muke kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, lokacin da Rasha da Kanada ke fama da ƙanƙara. A farkon Yuli kuwa, ana tsakiyar zafi a can, muna nesa da ita da wajen kilomita miliyan 152. Ga kuma hujjar da ta fi wannan sauƙi: a Yunin da Faransa ke zufa, Ajantina da Afirka ta Kudu da Ostareliya suna cikin sanyi. Duniya ɗaya ce, nisanta da rana ɗaya ne a wannan lokacin. Da nisa ne ke kawo zafi, da kowa ya ji shi tare.

Abin da ke faruwa shi ne duniya a karkace take. Ka ɗauki mazari yana juyawa. Akwai tsinken da ya ratsa tsakiyarsa, a kansa yake juyi. Duniya ma haka take juyawa a kan wani layi da ya ratsa ta daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, ko da yake nata tsinken ba abu ne da ake taɓawa ba. Da a ce tsinken nan a tsaye yake kyam a kan hanyar da duniya ke bi, da babu wani abin da za a yi fashin baƙi a kansa: kullum rana za ta fito daga wuri ɗaya, yini awa 12, dare awa 12, daga farkon shekara har ƙarshenta, a ko'ina. To amma ya kwanta gefe da wajen digiri 23.4. Kuma a nan gizo ke saƙa: karkatar ba ta bin rana. Duk inda duniya ta kai a zagayenta, kan tsinken yana nuna wuri ɗaya ne a sama, kusa da tauraron arewa. Saboda haka a wani ɓangare na zagayen, kan duniya na arewa ne ke sunkuyawa wajen rana, bayan wata shida kuma, duniya ta koma ɗaya gefen, sai ya zama kudu ce ta sunkuya, arewa ta kauda kai. Juyin Yuni shi ne daidai lokacin da sunkuyawar arewa ta kai matuƙa.

Mutum zai iya gwada wannan da dare a ɗaki. Ajiye fitila a tsakiya, ka soke ƙwallo da tsinke, ka karkata shi ya nuna wata kusurwa ta rufin ɗakin, sannan ka zagaya fitilar da shi ba tare da ka sauya inda tsinken ke nunawa ba. A kullum rabin ƙwallon na cikin haske, rabi na cikin duhu, wannan ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne inda iyakar haske da duhu ta ratsa. Idan saman ƙwallon ya sunkuya wajen fitila, ka ɗiga alama a samansa ka juya shi, za ka ga alamar ta daɗe a haske, ta ɗan leƙa duhu ta fito. Tsawon yini ke nan. Idan ka matsa da alamar can kusa da tsinken, za ka ga ba ta ma shiga duhun sam. A ganina, minti biyar na wannan gwaji ya fi shafi goma na zane amfani ga mai koyo, kuma abin takaici ne yadda ake haddace wa yara sunayen layukan taswira ba tare da an taɓa nuna musu abin da ya haifar da layukan ba.

Karkatar tana yin aiki biyu a lokaci guda, kuma ya kamata a rarrabe su. Na farko shi ne tsawon yinin. Na biyu shi ne yadda rana ke ɗagawa sama da tsakar rana. A Landan, ranar juyin Yuni, rana takan hau har wajen digiri 62 daga inda sama ta haɗu da ƙasa. A juyin Disamba kuwa iyakarta digiri 15, wato da tsakar rana ma kamar hantsi bai gama ɗagawa ba, inuwar mutum ta ninka tsawonsa fiye da sau uku. Hasken da ya sauko a tsaye yana taruwa a ɗan wuri ya ƙona shi. Wanda ya zo a kwance yana bazuwa a fili mai faɗi, ga shi kuma ya ratso iska mai kauri kafin ya iso, sai ƙarfinsa ya ragu. Dogon yini da rana mai tsayi su ne suke haɗuwa su yi zafi. Gajeren yini da rana a kwance su yi sanyi.

Yawan canjin da mutum zai gani ya danganta da nisansa daga layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu. A Singafo, da ke dab da layin, yini ba ya wuce awa 12 da 'yan mintoci duk shekara. Wanda ke digiri 12 arewa da layin zai sami wajen awa 12 da minti 50 a Yuni, awa 11 da minti 25 a Disamba, bambancin da bai kai awa ɗaya da rabi ba, har ma mutum ya iya rayuwa bai lura da shi sosai ba. A Alƙahira yinin Yuni ya kai awa 14, na Disamba awa 10 da 'yan mintoci. A Landan awa 16 da minti 38 ne a Yuni, ya faɗo ƙasa da awa 8 a Disamba. A Sitokhom ta Suwidin ya haura awa 18 da rabi, sannan ya dawo wajen awa 6. Ka juya kudu, lissafin ya kife: a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, yinin juyin Yuni bai cika awa 10 ba, kuma shi ne mafi gajarta a shekararsu.

Idan aka ci gaba da nausawa arewa har aka kai wajen digiri 66.5, an iso da'irar Aktik. Daga nan zuwa sama akwai aƙalla kwana ɗaya a shekara da rana ba ta faɗuwa. A garin Turomso na ƙasar Nowe, daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli rana ba ta ɓuya. Takan gangaro ta arewa da tsakar dare kamar za ta faɗi, ta shafi gindin sama, ta sake hawa. Bashin wannan haske kuma ana biyansa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, lokacin da ba ta leƙowa ko kaɗan. A ƙuryar arewa kanta, fitowar rana sau ɗaya ce a shekara, a watan Maris, faɗuwarta ma sau ɗaya, a Satumba. Wani abin da ke ba ni mamaki har yanzu shi ne, a ranar juyin Yuni, jimillar hasken rana da ke sauka a saman ƙuryar arewa cikin kwana guda ta fi wadda ke sauka a saman ikwaita. Ranar ba ta da tsayi a can, digiri 23.4 kawai, amma ba ta hutawa awa 24. Abin da ya hana wurin zafi shi ne farar ƙanƙara tana mayar da yawancin hasken sama, sauran kuma ya tafi wajen narkar da ita.

Ko a ƙasa da da'irar Aktik, daren Yuni ba ya yin baƙi sosai. A birnin San Fitasbag na Rasha, da ke wajen digiri 60, rana na faɗuwa, amma ba ta nutsawa da nisa, sai jan magariba ya miƙe har ya haɗe da hasken alfijir. Fararen darare suke kiransu. A kusa da ikwaita kuwa rana a tsaye take nutsewa, kamar an jefa dutse a rijiya, shi ya sa duhu ke saurin rufewa bayan faɗuwarta.

Yankin da ke tsakiyar duniya yana da nasa labarin daban, wanda littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika tsayawa a kansa ba. A kowane lokaci akwai wuri ɗaya a doron ƙasa da rana ke bisa kansa daidai, inda sandar da aka kafa a tsaye ba ta da inuwa. Wannan wuri yana yawo tsakanin digiri 23.4 arewa da digiri 23.4 kudu. Iyakarsa ta arewa ita ce layin da aka sa wa sunan burujin Saraɗan, wato ƙaguwa, wanda ya ratsa Meziko, da hamadar Sahara, da kudancin Masar, da Saudiyya, da Indiya, da kudancin Sin. A juyin Yuni rana tana kan wannan layi. Iyakar kudu kuma, mai sunan burujin Jadyu, wato ɗan akuya, ta bi ta Burazil, da Namibiya, da Botsuwana, da Madagaska, da Ostareliya. Duk wanda ke zaune tsakanin layukan biyu, rana na bi ta kansa sau biyu a shekara, sau ɗaya tana tafiya, sau ɗaya tana dawowa. Wanda ke digiri 12 arewa, alal misali, zai ga inuwarsa ta tsakar rana ta shige ƙarƙashin ƙafarsa a wajen 21 ga Afrilu, sannan kuma a wajen 21 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku biyu rana tana arewa da shi, inuwarsa ta tsakar rana tana nuna kudu. Ma'ana, a wannan yanki, ranar da yini ya fi tsawo daban, ranar da rana ta fi tsayi daban. A Turai kuwa abu biyun rana ɗaya suke faɗowa, kuma Bature bai taɓa ganin rana a tsakiyar kansa a ƙasarsa ba.

Makka tana wajen digiri 21.4 arewa, ƙasa kaɗan da layin Saraɗan, don haka rana na tsayawa bisa Ka'aba a ranar 27 ko 28 ga Mayu, sannan 15 ko 16 ga Yuli, jim kaɗan bayan ƙarfe 12 na rana agogon Saudiyya. Masana falaki sun daɗe suna amfani da wannan wajen daidaita alƙibla: a daidai wannan lokaci, duk wanda ke ganin rana daga inda yake, in ya fuskance ta ya fuskanci Makka.

Da irin wannan inuwa aka fara auna girman duniya. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani Bagirke mai suna Iratostinis, wanda ke shugabantar babban ɗakin karatu na Iskandariya, ya sami labarin cewa a garin da yau ake kira Aswan, a kudancin Masar, rana ba ta barin inuwa da tsakar ranar juyin Yuni. A Iskandariya kuwa, a wannan rana, inuwar tana nuna karkata ta wajen digiri 7.2, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Sai ya ce, in haka ne, tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu kashi ɗaya ce cikin 50 na kewayen duniya. Ya ninka tazarar sau 50. Amsar da ya samu ba ta yi nisa ba da abin da aka sani yau, wato wajen kilomita 40,000. Sanda, da inuwa, da sanin ranar da za a duba, su ke nan kayan aikinsa. Tun kafin shi ma mutane na bin sawun wannan rana. Manyan duwatsun Sitonhenj da ke kudancin Ingila, waɗanda aka kakkafa wajen shekara 4,500 da suka wuce, an jera su ne a kan layin da ya nufi mafitar rana ta juyin Yuni ta gefe ɗaya, da mafaɗarta ta juyin Disamba ta ɗaya gefen.

Sai maganar tsayawar nan da aka ce rana na yi. Tsawon yini ba ya ƙaruwa da ma'auni ɗaya kullum. Ka tuna lilo: yana da gudu idan ya zo tsakiya, yana rage gudu idan ya doshi ƙarshe, ya ɗan tsaya, ya dawo. A watan Maris da Satumba, lokacin da dare da yini ke daidaita, canjin na da sauri ƙwarai. A Landan kusan minti huɗu ake ƙarawa ko ragewa kowace rana. A makon juyi kuwa bambancin yau da gobe 'yan daƙiƙoƙi ne. Don haka wanda ya ce a ranar 21 ga Yuni zai ji a jikinsa cewa yini ya fi na jiya tsawo, bakinsa ne kawai ya faɗa. Ido ba ya kama wannan, sai agogo mai kyau.

Akwai wani abin da ke rikita har masu lura da kyau. Hankali zai ba ka cewa a yini mafi tsawo ne rana za ta fi saurin fitowa, ta kuma fi jinkirin faɗuwa. Ba haka abin yake ba. A wurare irin su Madrid da Ankara da Beijin, da ke wajen digiri 40, fitowar rana mafi sammako tana zuwa ne wajen 14 ga Yuni, mako guda kafin juyi, faɗuwa mafi jinkiri kuma wajen 27 ga wata. A kusa da ikwaita tazarar ta fi haka, takan kai makonni. Dalilin yana cikin bambancin agogo da rana. Duniya tana gama juyi ɗaya a kan tsinkenta cikin awa 23 da minti 56 da daƙiƙa 4. Amma kafin ta gama, ta riga ta matsa gaba a hanyarta ta zagaya rana da wajen digiri ɗaya, don haka sai ta ƙara ɗan juyi na kusan minti huɗu kafin rana ta dawo inda take jiya. Wannan ƙarin ba daidai yake kullum ba, saboda gudun duniya na sauyawa, yana ƙaruwa idan ta kusanci rana, kuma karkatar ma na da tasiri a kansa. Awa 24 da agogo ke ƙirgawa matsakaici ne kawai na shekara. A wajen juyin Yuni, daga tsakar rana zuwa tsakar rana ta gaba ya fi awa 24 da wajen daƙiƙa 13. A ƙarshen Disamba ƙarin ya kai wajen daƙiƙa 30. Ke nan a waɗannan makonni yinin gaba ɗayansa, da safiyarsa da yammacinsa, yana zamewa gaba a kan agogo. Da yake tsawon yinin kansa ya kusa tsayawa, wannan zamewar ce ke rinjaye: fitowar rana ta fara jinkiri tun kafin juyi, faɗuwarta kuma ta ci gaba da jinkiri bayan juyi. Idan aka tara waɗannan daƙiƙoƙi, tsakar rana ta gaskiya takan riga matsakaicin lokaci da wajen minti 16 a farkon Nuwamba, ta kuma makara da wajen minti 14 a tsakiyar Fabrairu. Duk wanda ya taɓa nazarin jadawalin lokutan shekara ya ga lokacin zawali yana kai da komo, to ga dalilinsa.

Ko ranakun da ake cewa dare da yini sun daidaita, wajen 20 ga Maris da 22 ko 23 ga Satumba, yini ya ɗan fi. Ana ƙirga fitowar rana ne daga lokacin da gefenta na sama ya leƙo, faɗuwarta kuma sai gefen ƙarshe ya ɓace. Bayan haka iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa haske, har mu riƙa ganin rana alhali tana ƙasa da gindin sama da wajen rabin digiri. Waɗannan biyun ne ke ba yini kyautar 'yan mintoci a kan dare, shi ya sa a kan ikwaita ma yini ke kai awa 12 da wajen minti 7.

Tambaya ta gaba da kowa ke yi: in a Yuni ne haske ya fi yawa, me ya sa a Turai da Amurka ta Arewa Yuli da Agusta suka fi zafi? Ka ɗora tukunyar ruwa a wuta. Ko ka ɗan janye itace, ruwan zai ci gaba da ɗaukar zafi muddin abin da ke shigarsa ya fi abin da ke fita. Ƙasa da teku haka suke, musamman teku, mai jinkirin ɗumi da jinkirin hucewa. Bayan juyi hasken ya fara raguwa, amma har yanzu shiga ta fi fita, sai zafi ya ci gaba da taruwa na wasu makonni. Haka yake a cikin yini guda ma: rana ta fi tsayi da tsakar rana, amma zafi ya fi tsanani tsakanin azahar da la'asar. A ƙasashen da ke da damina kuwa gajimare ne ke yanke hukunci. A yawancin Indiya, Afrilu da Mayu ne suka fi ƙuna, kafin ruwa ya sauka a Yuni ya kwantar da zafin, duk da cewa yini bai gama tsawo ba.

Juyin kansa ba yini guda ba ne, lokaci ne ƙayyadadde, daƙiƙa ɗaya ga duk duniya. A 2023 ya faɗo a ranar 21 ga Yuni da ƙarfe 2:58 na rana agogon GMT. A 2024 ya zo ranar 20 ga wata da ƙarfe 8:51 na dare. A 2025 kuma ranar 21 da ƙarfe 2:42 na dare, kafin asuba. In ka duba za ka ga kowace shekara yana jinkiri da kusan awa shida, domin shekarar rana kwana 365 ce da awa 5 da wajen minti 49. Ranar 29 ga Fabrairu da ake ƙarawa duk bayan shekara huɗu ita ke janyo shi baya, kamar yadda ya faru a 2024. Amma cikon ya ɗan zarce da wajen minti 11 a shekara, abin da ke zama kwana guda cikin shekara 128. Tsohuwar kalandar Rumawa ba ta kula da wannan ba, har kuskuren ya taru. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya sa aka tsallake kwana goma, aka kwanta ranar 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata, aka kuma kafa dokar cewa shekarun cikar ƙarni ba sa samun ƙarin kwana sai in 400 ta raba su. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Duk wannan ɗawainiya don kada kalanda ta rabu da rana ne. Kalandar wata kuwa, mai kwana 354, ba a ɗaure ta da rana ba, don haka watanninta ke zagaya lokutan shekara cikin wajen shekara 33.

Ba mutane kaɗai ke ƙirga tsawon yini ba. A 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar noma ta Amurka, Gana da Alad, suka bayyana abin da suka gano game da wani irin taba da ke ta girma ba ya fure a gona har sanyi ya kashe shi, da kuma waken suya da ke fure kusan lokaci ɗaya ko da an shuka shi a makonni daban-daban. Sun gwada rufe tsiron a duhu na wasu awoyi don gajarta masa yini, sai ga fure. Bincike na baya ya nuna tsawon dare ne ma tsiron ke aunawa. Hikimar a fili take: zafi da ruwan sama suna iya yaudara, bana su zo da wuri, baɗi su makara, amma tsawon yini ba ya saɓa alƙawari. Da shi tsuntsaye masu ƙaura ke sanin lokacin shiri ya yi, da shi tumakin ƙasashen sanyi ke shiga lokacin barbara idan yini ya fara gajarta, don 'ya'yan su zo a lokacin da ciyawa ta fito. Jikin ɗan Adam ma yana sakin sinadarin melatonin, mai taimaka wa barci, idan duhu ya yi, abin da ya sa masu zama a arewa mai nisa ke rataya labule masu kauri a watan Yuni don su sami barci.

Sauran duniyoyi suna nuna mana yadda abin zai kasance da karkatar ta bambanta. Mushtari digiri 3 kawai ya karkata, kusan ba shi da sauyin lokutan shekara. Mirrihu na da wajen digiri 25, kusa da namu. Yuranos kuwa a kwance yake, wajen digiri 98, kuma shekara 84 yake ɗauka kafin ya zagaya rana, don haka kowace ƙuryarsa takan yi wajen shekara 42 a haske, 42 a duhu.

Tamu karkatar ma ba a kafe take ba. Mazari idan yana juyi kansa na ɗan yin rangaji, duniya ma haka. Tsinkenta yana zana da'ira a sama cikin wajen shekara 26,000, wanda ya sa sunan layin Saraɗan ya tsufa: fiye da shekara dubu biyu da suka wuce rana tana cikin taurarin ƙaguwa a lokacin juyin Yuni, yau kuwa tana cikin na Sauru, wato sa. Girman karkatar kuma yana kai da komo tsakanin digiri 22.1 da 24.5 cikin wajen shekara 41,000. Masanin nan ɗan Sabiya, Milutin Milankobic, shi ya yi lissafin yadda irin waɗannan sauye-sauye ke rage ko ƙara hasken da arewa mai nisa ke samu a lokacin zafinta, da yadda hakan ke da hannu a zuwa da tafiyar zamunan ƙanƙara. A yanzu karkatar raguwa take yi, saboda haka layin Saraɗan yana matsowa kudu da wajen mita 15 kowace shekara, da'irar Aktik kuma tana ja arewa da kusan haka. A gefen wata babbar hanya a jihar Tamaulifas ta Meziko an kakkafa alamomi a jere, kowace ɗauke da shekararta, daga 2005 zuwa 2010, suna nuna inda layin ya tsaya a juyin Yuni na wannan shekara.